Tarin da Ke Ƙasan Rijiyar Yaya

Ranar da abin ya faru ban fita da niyyar shiga rijiya ba. Leƙawa kawai na je yi. Na taso daga wani aiki rana ta yi sanyi, igiya a kafaɗa, fitilar ƙwai a hannu, na ce bari in biya gidan Yaya in ga rijiyar nan da ta ishe ni da zancenta sati uku.

Haƙar rijiya da yasarta ce sana'ata. Shekara talatin da ɗoriya ina shiga cikin ƙasa ina fitowa, har na kai matsayin da nake ganin babu abin da rami zai nuna mini wanda ban gani ba. Ku riƙe wannan, domin a duk wawayen da ke cikin labarin nan ban cire kaina ba.

Yaya ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, shi ya sa har yau da furfurata Auta take kirana. Tun da mijinta ya rasu wankau take yi. Kayan unguwa rabi a tsakar gidanta ake shanya su, kuma duk da ruwan rijiyar nan take wankewa. Da shi take sha, da shi take girki, da shi take alwala. In ka raba ta da rijiyar, ka raba ta da abincinta.

Gidanta yana jingine da katangar wani gidan mai. Ta gaba in ka gan shi sai ka rantse jiya aka gina shi. Duk shekara sai an sake masa fenti, an ƙara fitilu masu kashe ido, an ɗinka wa ma'aikata sabbin riguna. Amma tankunan da ke binne a ƙarƙashinsa, tun ina da baƙin gashi aka jefa su rami aka rufe, kuma daga ranar babu mahalukin da ya sake tambayar lafiyarsu. Mutanen nan abin da ido ke gani kawai suke wankewa.

Da ruwan ya fara canja ɗanɗano, Yaya ta ɗura a kwalba ta kai wa manajan wurin. Wani ɗan gayu ne mai takalmi kamar madubi, kullum yana juya makullai a yatsa. Ta ce mini da yatsa biyu ya karɓi kwalbar, ya ɗaga ta sama, ya yamutse fuska.

"Mama, tankinmu ba ya yoyo. Kullum da safe ana zura sandar awo."

"To in an zura ba a ganin ya ragu?"

"Ɗan abin da ke raguwa zafin rana ne ke shanye shi. Ke dai kin san irin tsofaffin gidajen nan naku, ba a rasa mutanen ɓoye. Ki nemi wanda zai yi miki addu'a."

Kun ji fa. Rana ce ke shan man da ke binne ƙarƙashin siminti. Mutum ya yi karatu har ya sami kujera mai juyawa, amma da aka zo maganar ƙarfen da ya ruɓe sai ya ɗora wa aljanu.

Ni ma dai ban fi shi da yawa ba. Da ta kawo mini ƙara cewa na yi ƙila kyanwa ce ta faɗa, ko sabulunta ne ya canja. Warin fetur kuwa, ai duk layin haka yake, ta kan katanga yake tsallakowa dare da rana har hanci ya saba. Ban taɓa kawowa a raina cewa ta ƙasa yake zuwa ba.

Na same ta zaune a kan turmi tana shafa wa hannuwanta mai. Fatar duk ta saɓe, tsakanin yatsun ya yi ja. Igiyoyin shanya uku, biyu babu komai a kai.

"Sai yau ka ga dama, Auta?"

"Aiki ne ya yi yawa, Yaya."

"Aikin mutane. Ni da yake ba biyanka zan yi ba ai sai a ƙarshe. Matar likita ta kwashe kayanta jiya. Ta ce zanen gadonta warin gareji yake."

Na sauke igiya, na leƙa ta ƙofa na kira Tela, maƙwabcinta, ya zo ya riƙe mini igiyar, tun da abokin aikina ya riga ya wuce gida. Tela mutum ne mai ƙarfi da yawan baki. Ya zo yana goge hannu a riga yana cewa yau zai ga aikin gwanaye.

A sana'armu akwai doka ɗaya da ake koya wa mutum tun kafin a ba shi diga. Ba ka shiga rami sai ka zura fitila a kunne. In ta kai ƙasa tana ci, iskar ciki lafiya lau ce. In ta mutu a hanya, kai ma haka za ka mutu. Kuma in na ciki ya daina amsawa, kada wanda ya bi shi sai an sake zura fitila. Wannan dokar ta ceci rayuka da yawa, shi ya sa hannuna yake yin ta tun kafin kaina ya yi tunani.

Na kunna fitilar a bakin ɗakin Yaya, na rufe ƙwan, na nufi rijiya. Saura taku uku in kai, sai ta mutu.

Na duba lagwani, lafiya ƙalau. Kananzir cike. Na koma bakin ɗaki na sake ƙyasta ashana. Na taho a hankali ina kare ta da tafin hannu. A daidai wurin nan dai, fuf, ta sake mutuwa.

"Iska ce," in ji ni.

Tela ya ɗaga kai ya dubi igiyar shanya. Wani farin ɗankwali na rataye a kai, ko motsi ba ya yi.

Karo na uku na ji abin a fatar hannuna. Huci ne mai sanyi da danshi, daga bakin rijiyar ya fito, ya ratsa tsakanin yatsuna ya shiga cikin ƙwan da ke rufe. Bayansa kuma, can ƙasa, wani ɗan sauti kamar an shaƙe tari.

Mai hankali a nan zai naɗe igiyarsa ya ce sai da safe. Amma Tela na tsaye yana murmushin nan nasa, Yaya na kallona da hannuwanta masu ciwo a kan cinya, ni kuma ga shekara talatin a kaina.

"Fitilar ce ta tsufa," na ce. "Tela, ba ni tocilarka. Minti goma in duba idon ruwan in fito."

"Auta, magariba ta kawo kai."

"Yanzu zan fito. In kun kira ni sau uku ban amsa ba, kada wanda ya biyo ni. Ku kunna fitila ku zura tukuna. Kin ji ko, Yaya?"

"Na ji."

Da bakina na faɗa. Har da ɗaga yatsa, kamar malami.

Na ɗaura igiya a ƙugu, na yi bismillah, na fara sauka. Zurfin rijiyar gaba goma sha biyu ne, ni na sa mata zobban siminti shekarun baya, na san kowane matakin ƙafa. Daga sama ana jin ƙugin janaretan gidan mai da hon ɗin motoci. Da na yi gaba huɗu sautin ya dusashe. Da na yi shida ya ɗauke ɗif.

Warin ya canja. Ba irin na kan katanga ba ne da iska ke kaɗawa. Wannan mai nauyi ne, yana zama a kan harshe, yana da zaƙi-zaƙi mai tayar da zuciya. Idona ya fara ruwa.

Na haska bango. Daga gaba bakwai zuwa ƙasa simintin ya yi baƙi, yana naso. Na shafa, yatsuna suka fito da maiƙo. Ta ɓangaren gidan mai abin yake tsattsafowa, ta tsakanin zobe da zobe, yana gangarowa a hankali.

Ɗis. Ɗis.

Na haska ƙasa. Fuskar ruwan ta rufe da wani ƙyalli mai launi-launi, shuɗi da ja da ruwan ƙwai, yana juyawa shi kaɗai.

A nan ne kaina ya yi aikin da ya kamata ya yi tun a sama. Fetur ne. Rijiyar cike take da tururinsa. Ni kuma sau uku ina ɗauko wuta ina kawowa bakinta.

Na buɗe baki in ce a ja ni.

Aka yi tari a bayana.

Ba amsa-kuwwa ba ce. Tari ne na tsoho, mai kauri, irin wanda ke fitowa daga ƙasan ƙirji yana jan majina.

A cikin rijiya babu baya. Faɗinta bai wuce in miƙa hannu biyu ba.

Na juya.

Inda na san siminti ne, akwai ƙofa. Gajera ce, iya ƙuguna. A bakinta wata tsohuwa na tsugune, tsawonta bai fi na tulu ba. Jikinta duk yana ƙyalli irin na ruwan. Gashinta ya zube saura tsilli-tsilli. Idanunta jajur, suna zubar da ruwa, ba sa ƙiftawa.

"Kai ne gwanin?" ta ce. Muryar kamar ana jan tsintsiya a kan yashi.

Na ƙanƙame igiya.

"Sau uku na hure maka. Sau uku. Jaki ma in ya yi tuntuɓe sau biyu yana canja hanya."

A bayanta na ga motsi. Wasu ne irinta, da yawa, suna wucewa a jere cikin wani dogon lungu da ya yi ƙasa. Kowa da ƙunshi a ka. Wata na goye da wani abu da ba ya motsi. Babu mai magana, sai jan numfashi, sai ƙafafu a cikin laka.

Caɓ. Caɓ. Caɓ.

"Tashi muke," ta ce. "Kakannin kakanninku a nan suka same mu. Mu muke buɗe muku idon ruwa, ba mu taɓa neman ko sannu ba. Sai kuka binne mana tukunyar ƙarfe a bisa kai, kuka bar ta ta ruɓe tana mana fitsari. Shekara bakwai muna sha. Ƙasar nan ta mutu har inda saiwa ba ta kaiwa."

Ta tofar da wani abu baƙi a cikin ruwan.

"Wai kuma mu ne. Mun ji shi, mai juya makullan. Ta cikin bututu muke jin duk abin da yake faɗa. Ku 'yan Adam ko ƙazantarku ba ku iya ɗauka, sai kun nemi wanda ba a gani kun shafa masa."

Bangon yana juyawa. Na ji kamar an ɗaura mini dutse a ƙirji.

Aka sake tarin. A gefen ƙofar, cikin duhu, wani tsoho na kwance a kan laka. Haƙarƙarinsa a waje, suna hawa suna sauka.

"Maigidana ne," ta ce, ba ta ko waiwaya ba. "Shi ke tsaron idon ruwan nan. Ya fi kowa sha."

"Auta!"

Daga sama ne. Muryar Yaya, ƙarama, kamar daga wani gari.

Na ɗaga kai. Bakin rijiyar ya zama ɗan da'ira mai launin toka. Na tattara ƙarfina in amsa. Iska kawai ta fito.

"Auta!"

Na kama igiya in girgiza. Yatsuna suka ƙi rufuwa. Tocilar ta suɓuce ta faɗa ruwa, haskenta ya nutse yana kore-kore.

"Auta! Ka yi magana mana!"

Uku ke nan.

Shiru.

Sai na ji shi. Ƙaramin sauti ne, amma ko a kabari zan gane shi.

Ƙyas.

Ashana.

Gefen da'irar ya fara yin ja-ja. Hasken yana rawa, yana matsowa. Ina jin takun silifas ɗinta.

Tsohuwar ta ɗaga kai ta duba, sannan ta dube ni. Ban taɓa ganin raini irin wanda ke cikin idon nan ba.

"Ka koya mata da kyau," ta ce.

Na roƙe ta da ido. Ba ni da sauran abin roƙo.

"Babu hurawa ta huɗu a ƙirjina. Ka cinye."

Hasken ya kai baki. Na ga gindin fitilar. Na ga hannun Yaya, da jan nan na tsakanin yatsunta. Tana neman inda za ta ɗaura igiya.

Ba ni kaɗai ba ne zan tafi. Ita ce a bakin ramin, fuskarta a leƙe. Tela na gefenta. Bayan katanga kuma tankuna ne.

Wani abu ya ja jiki a cikin laka.

Tsohon ne. Ya rarrafo ya kama ƙafata da hannu mai sanyi kamar kifi. Ya taka gwiwata. Ya taka kafaɗata. Ba shi da nauyi ko na kaza. Ina jin ƙasusuwansa a wuyana.

"Kada ka yi," tsohuwar ta ce a hankali. A karon farko muryarta ta karye.

Ya ja numfashi.

Ya daɗe yana ja. Ƙirjinsa na kuka kamar tsohuwar ƙofa.

Ya hura.

Iskar ta tashi da ruwa da laka ta yi sama. Na ji ƙarar ƙwan fitila ya fashe can nesa a jikin bango, na ji Yaya ta ƙwalla salati. Da'irar ta koma toka.

Tsohon ya sulale daga kafaɗata. Ban ji faɗuwarsa ba.

Bakin tsohuwar ya zo daidai kunnena. Warin fetur da ruɓaɓɓiyar ƙasa.

"Ba don kai ba. Don mai wankin. Shekara arba'in ba ta taɓa jefa mana guga ba sai ta yi sallama."

Igiya ta shaƙe ƙuguna. Bango ya fara gudu ƙasa. Daga nan ban san komai ba.

A asibiti na farka, kwana biyu bayan haka, da abin numfashi a hanci. Tela ya ce da fitilar ta tashi daga hannun Yaya bai jira wata doka ba, ihu ya yi maza huɗu suka shigo suka fizgo ni kamar buhu. Likita ya ce tururin fetur yana sa mutum ya ga abin da babu. Na ce masa haka ne. Ban nuna masa kafaɗata ba, inda sawun ƙananan yatsu biyar na ƙafa ya kwanta baƙi, wanda har yau sabulu bai fitar ba.

Da na samu ƙafa na tara mutanen layin muka kai ƙara. Sai da rijiya shida suka nuna maiƙo kafin wasu jami'ai suka zo cikin farar mota, suka tsaya nesa suna toshe hanci da hankici. A ƙarshe dai aka tilasta haƙo tankin. Ina tsaye aka ɗago shi. Gindinsa kamar rariya, har rana kake hangowa ta ciki. Ƙasar da ke ƙarƙashinsa baƙa ƙirin, tsawon mutum biyu ba a kai ƙarshenta ba. Manajan na gefe da makullansa yana gaya wa jami'an cewa shi ma abin ya ba shi mamaki.

Kun san abin da suka yi da ƙasar? Suka saka sabon tanki, suka tura baƙar ƙasar da katafila suka mayar cikin ramin, suka zuba siminti. Sati biyu aka yi sabon fenti. Aka ce an gyara.

Rijiyar Yaya ni na rufe ta da hannuna, na zuba mata murfin kankare. Ban sake zura wuta a rami ba, kuma duk wanda na koya wa dokar nan na bi shi har gida na warware masa. Yaya ta kwance igiyoyin shanya ta naɗe. Na yi na yi ta dawo gidana, ta ce a ɗakin nan ta haifi 'ya'yanta, a nan mijinta ya cika, ba wani mai sayar da fetur da zai kore ta.

Na ba ta labarin abin da na gani, ita kaɗai. Ba ta yi mamaki ba. Ta ce ai tana jin tarin tsohon. Kullum in rana ta faɗi, ƙarƙashin murfin, tari ɗaya ko biyu, a raunane. Sun tafi sun bar shi, ko shi ya ƙi bin su. Sai ta riƙa ɗibar ruwa mai kyau a kofi tana ajiyewa a kan murfin, ta yi sallama ta koma ɗaki. Da safe kofin a bushe.

Wata biyu ana haka. Ran nan ta tarar da kofin cike yadda ta bar shi. Washegari ma haka. Ta zauna a kan murfin ta yi kuka kamar an yi mata rasuwa a ɗaki.

Jiya da yamma na kai mata jarkar ruwa. Na ajiye a tsakar gida ina kwance igiyar keke, fitilun gidan mai sun hasko ta kan katanga, sai na ji tarin. Mai kauri, daga ƙasan ƙirji, yana jan majina. Na je na durƙusa na kara kunne a kan murfin.

Shiru ne a ƙasa.

Aka sake yi, a bayana, daga cikin ɗaki.

"Auta, kai ne?" ta ce, da ta samu numfashi. "Shigo da ruwan, ƙirjin nan ya hana ni tashi."